Darasi na Tara: Nauyin Mai Wurin Aiki na Kai Rahoton Rauni da Cuta

Duk wanda ya ɗauki mutum aiki a Nijeriya yana biyansa lada, doka ta ɗora masa nauyin sanar da hukuma a rubuce idan ma'aikacin ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya rasu sanadiyyar aikin. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ce ta tanadi haka, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na wannan shekara. Hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ita aka damƙa wa gudanar da ita. Wa'adin da aka ba mai wurin aiki kwana 7 ne idan rauni ne ko cuta. Idan mutuwa ce, nan take ake sanarwa.

Mutane da yawa a ƙasar Gumel sun ɗauka wannan magana ta manyan masana'antun Bompai da Sharaɗa ce a Kano, ko ta ma'aikatan gwamnati masu karɓar albashi ta banki. Dokar ba ta tsaya a kansu ba. Ma'aikaci a wurinta ya haɗa da na dindindin, da na wucin gadi, da ɗan ƙwadagon da ake sallama kullum da yamma, da yaron da ke koyon sana'a, har da mai aikatau a gida idan ba ɗan gidan ba ne. Sojoji masu kaki ne kawai aka cire. Saboda haka mai injin niƙa a Gagarawa Tasha yana ciki. Haka mai gidan bulo a Gumel, da mai gidan burodi a Sule Tankarkar, da dillalin da ke ɗaukar 'yan dako su loda masa riɗi da zoɓo a Maigatari, da manomin da ke ɗaukar leburori lokacin feshi da girbi. Gagarawa Tasha ta saba da lodi da sauke kaya tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, kuma aikin ƙarfi da na inji su ne suka fi kawo raunin da dokar ke magana a kai.

Yadda dokar take

Kafin 2010 ana aiki ne da dokar 1987. A ƙarƙashinta ubangida ne ke da alhakin biyan diyya kai tsaye, kuma yawanci dunƙulallen kuɗi ake bayarwa sau ɗaya a rabu. Wanda ya san aljihunsa ne zai yi kuka yana da dalilin ɓoye haɗari, ko ya ja maganar har mai raunin ya gaji ya haƙura. Sabuwar dokar ta sauya wannan. Kowane mai wurin aiki zai yi rajista da NSITF, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin asusu guda na ƙasa baki ɗaya. Wanda yake biyan yaransa naira 500,000 a wata, kasonsa naira 5,000 ne. Haramun ne a doka ya zare wannan kuɗi daga ladan ma'aikaci. Idan tsautsayi ya faɗa, daga asusun ake biyan kuɗin magani da diyya.

Ba a tsayawa neman mai laifi kafin a biya. Ko bel ɗin inji ne ya tsufa, ko yaron ne hankalinsa ya tafi wani wuri, abin da hukuma ke son tabbatarwa shi ne raunin ya faru a bakin aiki kuma ta dalilin aikin. Hukumar da ke Dutse ko Abuja ba ta da ido a cikin rumfar inji a Gagarawa. Rahoton mai wurin aiki shi ne babbar shaidarta. In babu shi, ma'aikaci yana da haƙƙi a doka amma hanyar kaiwa gare shi ta yi nisa, domin sai ya nemo shaidu da takardu shi kaɗai alhali yana jinya.

Akwai kuma Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta shafi wuraren da ake ƙera kaya ko sarrafa su. Ita ta wajabta a sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a rubuce idan haɗari ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3. Aikin sufeto shi ne ya binciki musabbabi don kada abin ya maimaitu, aikin NSITF kuwa biyan diyya. Mai injin casar shinkafa ko matsar man gyaɗa zai sanar da su duka biyun.

Abin da ake kai rahotonsa

Rauni na fili ba ya buƙatar dogon bayani: karaya, ƙuna, yankewar yatsa, faɗowa daga saman tirela, tartsatsin walda a ido, jan wutar lantarki, saran maciji a gonar da aka ɗauki mutum noma, tunkuyin bijimi wajen lodin shanu ran Alhamis a kasuwar Maigatari. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne dokar ta haɗa da haɗarin hanya. Ma'aikacin da ya faɗi a babur tsakanin gidansa da wurin aiki, ko tsakanin wurin aiki da inda ya saba cin abinci ko karɓar lada, yana cikin waɗanda ake biya, muddin mai wurin aiki yana da masaniyar wurin tun farko. Wannan ya sa ya kamata a rubuta garin da kowane ma'aikaci yake kwana tun ranar da aka ɗauke shi, musamman a yankin da leburori ke zuwa daga ƙauyukan kewaye da safe su koma da yamma.

Cuta ita ce mai wuyar sha'ani, domin ba ta zuwa da jini ko ihu. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2023 ta nuna kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki. Daga ciki, kimanin miliyan 2.6 cuta ce ke kashe su, haɗari kuwa kimanin 330,000. Ke nan abin da ake gani da ido shi ne ƙaramin kaso.

Sana'o'in ƙasar Gumel suna da nasu cututtukan. Mai tsaron injin niƙa yana wuni cikin ƙara shekara da shekaru, jinsa yana raguwa a hankali, sai iyalinsa su fara lura sai an ɗaga murya yake amsawa. Dokar ta ware sashe musamman don irin wannan kurumta. Matan da ke tsince zoɓo da masu bushe riɗi a manyan shaguna suna shaƙar ƙura, wasu su ƙare da tari da sarƙewar numfashi da ke lafawa in sun huta kwana biyu, ya dawo in sun koma aiki. Wannan lafawa da dawowa alama ce babba da ya kamata mai wurin aiki ya lura da ita. Masu feshin maganin ƙwari da na ciyawa, waɗanda galibi ke goya tankin feshi yana yoyo a bayansu cikin rana, sukan yi jiri da amai da dalalar miyau da gani dishi-dishi. Ƙwayar da ake sakawa cikin buhunan wake da hatsi tana fitar da iska mai guba, kuma mai gadin da aka bari ya kwana cikin shagon da aka saka ta yana iya rasa ransa kafin asuba. Mahauta da masu kula da dabbobi suna iya ɗaukar bakkale daga shanu, ta zo musu da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Masu gyaran batir da masu narka dalma suna tara gubarta a jini.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya nuna inda shiru ke kaiwa. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ana niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Ƙurar ta shiga ƙasa da abinci, yara aƙalla 400 suka rasu. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mace-macen yara aka gano musabbabin. Babu wanda ke rubuta komai a wuraren niƙan, babu kuma inda labarin ciwon ma'aikata da iyalansu ke taruwa har wani ya ga cewa abu guda ne ke cin mutane.

Ga cuta, kwana 7 ɗin mai wurin aiki suna fara ƙirguwa ne daga ranar da labari ya iso masa. Ba a nemi ya zama likita ya tabbatar ciwon daga aikin ya fito ba. Idan ma'aikaci ya ce daga aikin ne, a rubuta yadda ya faɗa a kai. Idan ubangida yana da shakka, ya rubuta shakkarsa a cikin rahoton. Tantancewa aikin likitoci da hukuma ne.

Daga faruwar haɗari zuwa miƙa takarda

Ceton rai ne farko. A kashe inji, a danne wurin da ke zubar da jini da ƙyalle mai tsabta, a zuba ruwa mai yawa a kan ƙuna ko idon da sinadari ya shiga, a nufi asibiti mafi kusa. Kada a zuba man inji, ko toka, ko ƙasa a kan rauni, domin hanyar ciwon tetanus mai sarƙe haƙora ke nan. Idan guba ce, a tafi da kwalbar maganin ko ledarsa, likita ya ga sunan abin da ya shiga jiki. Raunin da ya fi ƙarfin asibitin gari akan tura shi Babban Asibitin Gumel, daga nan zuwa Dutse ko Kano, inda Asibitin Ƙashi na Dala ke karɓar manyan karaya.

Mutane da yawa sun fi amincewa da maɗori idan karaya ce, kuma ba a raina gwanintar maɗora a ƙasar Hausa. Sai dai fom ɗin rahoto yana neman suna da adireshin likitan da hukuma ta amince da shi wanda ya duba mai raunin, kuma da rahoton likita ake auna girman nakasa. Maɗori ba ya ba da takarda, ba ya ɗaukar hoton ƙashi. Ma'aikacin da aka wuce da shi gidan ɗori ba a bi ta asibiti ba, in hannun ya shanye bayan wata 6, ba shi da abin da zai nuna. Mai wurin aiki ya tsaya kai da fata a fara zuwa asibiti, a karɓi kati, a adana kowane rasit.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa nauyin. Cikin kwana 14 zai sanar da ubangidansa, ko manaja, ko shugaban leburori, ya faɗi sunansa da lokaci da wuri da yadda abin ya faru, da harshen da ya iya. Idan ya rasu, iyalinsa ne za su sanar. Rashin yin haka yana iya toshe masa diyya, sai dai in hukuma ta gamsu cewa ubangida ya riga ya sani, ko adalci ya buƙaci a saurare shi. Yawancin 'yan ƙwadago ba su san da wannan wa'adi ba, wasu kuma kunya ke hana su magana. Yaro yakan ce, "Maigida, ba komai, ɗan ƙwarzane ne," alhali yatsa ya fara kumbura. Ubangida na gari ba ya karɓar wannan amsa ya wuce. Ya duba da idonsa, ya rubuta.

Rahoton da za a kai wa NSITF yana ɗauke da suna da adireshin ma'aikaci, da lokaci da wurin da abin ya faru, da irin raunin ko cutar, da sunan likitan da ya duba shi, da duk wani bayani da hukumar ta nema a fom ɗinta. Wajen bayyana raunin ne aka fi yin sakaci. A rubuta "ya ji ciwo a hannu" bai gamsar da kowa ba. Abin da ake so shi ne a ce da misalin ƙarfe goma na safe yana tura dawa cikin injin casa, bel ya kama hannun rigarsa ya ja hannunsa na dama, manuniya da ɗan tsakiya suka murƙushe, bel ɗin kuwa ba shi da murfi. Faɗin cewa babu murfi yana da nauyi a bakin mai inji, amma da irin wannan bayani ne ake gane abin da ya kamata a gyara. A ƙara da sunayen waɗanda suka gani. A ɗauki hoton wurin da na injin da waya kafin a taɓa komai. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami a ranar, ko ya sa a rubuta masa a karanta masa kafin ya sa hannu. Bayan mako guda kowa da yadda zai tuna abin.

A kai takardar ofishin NSITF na jiha da ke Dutse, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa mai kwanan wata. Wannan kwafi shi ne shaidar cewa an cika wa'adi. Ƙin kai rahoto laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci, sai in hukuma ta karɓi uzurin da ya hana.

Ban da takardar hukuma, kowane wurin aiki yana buƙatar littafi guda da ake rubuta duk wani rauni, babba da ƙarami, har da haɗarin da Allah ya tsare bai taɓa kowa ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya wadatar. Amfaninsa yana fitowa bayan wata da watanni. Mai shago zai ga raunuka uku a jere duk a bakin inji guda suka faru, ko duk bayan la'asar lokacin da gajiya ta kama mutane, ko duk a kan sababbin yara cikin makonsu na farko. Daga nan zai san ko murfi zai saya, ko hutu zai ƙara, ko koyarwa ce ta yi ƙaranci.

Dalilan da ke sa a yi shiru

Masu wuraren aiki da yawa a ƙasar Hausa ba mugunta ke hana su kai rahoto ba. Alhaji yakan ɗauki yaronsa a motarsa ya kai asibiti, ya biya magani, ya aika da buhun gero gidansa, ya ce, "Kada ka damu, muddin ina raye ba za ka wulaƙanta ba." Yana faɗa da zuciya ɗaya, kuma alheri ne da ya cancanci yabo. Amma yatsun da suka tafi ba sa dawowa, shi kuwa alkawari yana rataye ne da ran mai shi da kasuwarsa. Kasuwa takan karye, ubangida yakan rasu, magada su raba dukiya ba wanda ya san da maganar. Mutumin da ya nakasa yana da shekara 25 yana iya rayuwa shekara 40 bayan haka. Asusun hukuma an gina shi ne don ya wuce ran mutum guda. Dokar ma ta fito fili ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa ta yafe diyya, ko a gaban mai unguwa aka ƙulla ta, ba ta da ƙarfi. Kyauta tana nan a matsayinta na kyauta, ba ta sauke nauyin rahoto.

Wasu kuma sukan ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kai maganar gaban hukuma kamar ƙin yarda da hukuncin Allah ne. Malaman fiƙihu ba su taɓa ganin saɓani tsakanin imani da ƙaddara da biyan haƙƙin wanda aka raunata ba. Sun yi bayanin diyya dalla-dalla: ta rai raƙuma 100, ta hannu guda rabin haka, ta kowane yatsa raƙuma 10. Hukunce-hukuncen diyyar shari'a daban suke da na wannan asusu, domin can ana duba wanda ya yi sanadi, nan kuwa ba a dubawa. Abin lura shi ne auna rauni da rubuta haƙƙinsa daɗaɗɗen abu ne a wurin Musulmi.

Sai tsoro. Wanda bai yi rajista ba yana gudun kada rahoto ya tona shi. Maganin wannan shi ne rajista tun kafin tsautsayi ya zo, domin abin da jami'an hukumar ke fara dubawa idan takarda ta iso shi ne ko wurin yana cikin littafinsu kuma yana zuba kasonsa. Masu injina da masu shagunan riɗi da ke da ƙungiya suna iya gayyato jami'an su yi musu bayani a zama guda, wahalar zirga-zirga zuwa Dutse ta ragu.

Abin da ke biyo bayan rahoto

Rahoton ubangida daban yake da takardar neman diyya. Ita wannan ma'aikaci ne ko magadansa ke cikewa su sa hannu, kuma wa'adinta shekara 1 ne daga ranar haɗari, ko mutuwa, ko bayyanar cuta. Idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri, hukuma tana iya karɓa har zuwa shekara 3. Ya dace mai wurin aiki ya taimaka wajen cike ta, tun da shi ke riƙe da shaidar ladan da ake biya, kuma a kan ladan ake yin lissafi. Inda ake biya hannu da hannu ba rubutu, nan ake samun gardama. Littafin biyan lada da kowa ke sa hannu ko dangwala yatsa yana kashe wannan gardama.

Hukumar tana ɗaukar nauyin magani da gyaran jiki, har da hannu ko ƙafar roba ga wanda aka yanke wa. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda nakasarsa ta wani sashe ce ana auna yawan abin da ya rasa na ƙarfin nema, a biya shi daidai gwargwado. Idan ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda suka dogara da shi, ana ba su kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan ɗa guda ne, kashi 85. Mai karɓar naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, iyalinsa mai 'ya'ya biyu za su riƙa samun naira 63,000 ke nan a wata.

Biyan yakan ɗauki lokaci, kuma takardun da ba su cika ba suna ƙara masa tsawo. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba, ma'aikaci ne ko ubangida, yana da kwana 180 ya nemi ta sake duba maganar. Idan bayan haka bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano.